An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Jan Nama, Ciwon Suga Da Sharrin Gurguwar Fassara

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla wani saƙon murya ya faɗo cikin zauren WhatsApp na danginmu. Wani bawan Allah ne, da murya irin ta masu shela a kasuwa, yake sanar da jama'a wai Turawa sun gama bincike, sun tabbatar jan nama ne ke haddasa ciwon suga, kuma wai kashi 62 cikin 100 na masu cin sa sai sun kamu. Kafin la'asar saƙon ya zagaya gidajen 'yan'uwa daga nan Jalingo har Mutum Biyu da Gembu.

Akwai wani kawuna, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda likita ya riga ya gaya masa sugansa ya fara hawa. Shi ya fi kowa ɗaukar maganar da zafi. Da na je gaishe shi bayan Salla sai na tarar ya rabar da cinyoyin ragonsa kakaf, ya bar wa kansa kitse da tumbi da hanji da ƙirji mai maiƙo. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya ce, "Ai ka ji abin da aka ce, ɗana. Jan naman ne mugun, shi ya sa na bar shi." A gefen tabarmarsa kuwa ga kwalaben lemo biyu, ɗaya ya shanye, ɗaya yana jiran ta ƙara sanyi.

Na yi dariya a lokacin, amma da na dawo makaranta sai abin ya riƙa ci mini rai. Kawu ba jahili ba ne. Abin da aka faɗa masa da Hausa shi ya ji, kuma shi ya bi. Laifin yana wurin wanda ya fassara, wato a fagen da mu ɗaliban harshe muke da'awar namu ne. Wannan shi ya sa na bi diddigin maganar, kuma abin da na tarar shi nake son in baje a gaban mai karatu.

Da farko dai, binciken ba ƙage ba ne. A watan Oktoba na 2023 wasu masana na makarantar kiwon lafiyar jama'a ta Jami'ar Harbad da ke Amurka suka buga sakamakon wani dogon nazari. Sun bi rayuwar mutum 216,695, galibinsu nas-nas da sauran ma'aikatan lafiya, wasunsu har tsawon shekara 36. Duk bayan shekara 2 zuwa 4 akan aika musu da takardar tambayoyi su faɗi abin da suke ci. Cikin wannan lokaci fiye da mutum 22,000 suka kamu da ciwon suga nau'i na biyu, wato irin wanda ya fi kama manya. Da aka jera su, sai aka ga waɗanda suka fi kowa cin naman, kusan sau biyu kowace rana, sun fi waɗanda suka fi kowa ƙarancin cin sa haɗarin kamuwa da kashi 62 cikin 100. Ga inda mai saƙon muryar ya samo lambarsa.

A watan Agusta na 2024 kuma masana na Jami'ar Kambirij ta Ingila suka fito da wanda ya fi wannan girma a mujallar Lancet mai kula da ciwon suga. Sun tattara bayanan mutum kusan miliyan biyu daga rukunonin bincike 31 a ƙasashe 20. Su abin da suka samu shi ne, cin giram 100 na naman a kowace rana yana tafiya da ƙarin haɗari na kashi 10 cikin 100, cin giram 50 na naman da aka sarrafa, irin su sosej da gishirtaccen naman alade, yana tafiya da ƙarin kashi 15.

To, yanzu mu dubi abin da ya sami wannan labari a kan hanyarsa ta zuwa tabarmar Kawu.

Ɓarna ta farko tana cikin sunan kansa. Abin da Bature ke kira "red meat" shi ne naman dabba mai shayarwa: saniya da tunkiya da akuya da raƙumi da doki da alade, kishiyar naman kaza da sauran tsuntsaye da kifi. Rabon nasa na jinsin dabba ne. Mu kuwa in ka tsaya gaban mahauci a kasuwar Jalingo ka ce a yanka maka jan nama, tsoka zai ba ka, wadda ba kitse ba jijiya. Rabonmu na sassan jikin dabba ɗaya ne. Mai fassara ya ɗauki kalma ya ajiye kalma, "red" ja, "meat" nama, ya ga sun zauna daram, ya wuce abinsa. Sakamakon shi ne dattijo ya bar tsoka ya rungumi kitse, alhali kuwa kitsen na cikin abubuwan da masu binciken suke zargi tun farko. An sayar da kare an sayi biri ke nan. Malamanmu na darasin fassara sun sha gaya mana cewa fassarar kalma da kalma takan ɓata ma'ana. Ban taɓa zaton tana iya taɓa lafiyar mutum ba sai a wannan karon.

Ɓarna ta biyu ta lissafi ce. Cewa haɗari ya ƙaru da kashi 62 cikin 100 daban, cewa mutum 62 cikin 100 za su kamu daban. Na farko kwatance ne tsakanin rukuni biyu. Bari mu ɗauki binciken Kambirij domin lissafinsa ya fi sauƙi. Cikin mutum kusan miliyan biyu, kimanin 107,000 ne suka kamu a cikin shekara goma, wato wajen mutum 5 cikin kowane 100. Mu ce a cikin mutum 1,000 da ba sa cin naman sosai, 50 za su kamu. Ƙarin kashi 10 cikin 100 na nufin a cikin mutum 1,000 masu cin giram 100 kullum, 55 za su kamu. Bambancin mutum biyar ne cikin dubu a shekara goma. Ba a raina shi ba, domin in aka lissafa da al'ummar ƙasa guda mutane ne masu yawa, amma ina wannan ina "sai sun kamu"?

Ɓarna ta uku ita ce mafi girma, kuma ita ce ta kai ni ga ainihin maganar. Masu binciken sun yi taka-tsantsan, suka ce cin naman yana da alaƙa da ciwon. Ba su ce sun tabbatar shi ke haddasa shi ba. A bakin masu yaɗa labari kuwa, kai har a wasu shirye-shiryen rediyo da na saurara, "alaƙa" takan rikiɗe ta koma "yana jawo" ko "yana haifar da". Ga alama muna jin "alaƙa" ba ta da armashi a kanun labari. Amma tsakanin kalmomin nan biyu ne duk rigimar masana ilmin abinci take.

Dalili kuwa shi ne, irin wannan bincike na sa-ido ne kawai. Ba a ce wa kowa ci wannan, bar wancan ba. An zuba wa mutane ido suna rayuwarsu, ana rubutawa. Matsalar ita ce mai yawan cin nama ba a cin nama kaɗai ya bambanta da saura ba. A Amurka an lura masu yawan cin sa sun fi shan taba, sun fi ƙiba, sun fi ƙarancin motsa jiki. A nan garin kuwa, in da za a yi irin wannan bincike, kowa ya san wanda za a tarar yana cin nama kullum: mai albashi mai tsoka ko ɗan kwangila, wanda daga gida sai mota, daga mota sai kujerar ofis, shayinsa da madarar gwangwani, firjinsa cike da lemo. Shi ne kuma zai fi zuwa asibiti a auna shi a gano ciwon. Da irin wannan lissafi ina iya kawo muku alƙaluma masu nuna cewa babbar riga mai aiki tana da alaƙa da ciwon suga, kuma alƙaluman ba za su yi ƙarya ba. Masana sun san da wannan, suna kuma da dabarun lissafi na cire tasirin taba da shekaru da motsa jiki. Sai dai abin da aka auna kaɗai ake iya cirewa, shi ma gwargwadon kyan awon. A binciken Harbad ɗin kansa, da aka sanya nauyin jiki cikin lissafi, alƙaluman sun sauko ƙwarai.

Sai kuma batun takardar tambayoyin. Mai karatu, sau nawa ka ci nama bara? Yanka nawa a kowane ci? Ni ko na makon jiya ba zan iya rantsuwa a kai ba. A kan irin wannan tuni ake gina lissafin da ake fitarwa har da ɗigo da ɗigo.

Tarihi ya nuna wannan hanya takan yi tuntuɓe. An daɗe ana ganin masu cin kayan lambu irin su karas sun fi ƙarancin sankarar huhu, aka ɗora abin a kan wani sinadari da ke cikinsu mai suna beta-karotin. Da aka zo aka yi gwaji na haƙiƙa a ƙasar Finlan, aka raba mashaya taba kimanin 29,000 ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su ƙwayar sinadarin, wasu ba a ba su ba, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna waɗanda aka bai wa sun fi kamuwa da sankarar da kashi 18 cikin 100. A 2013 kuma Jonathan Schoenfeld da John Ioannidis suka ɗauki wani littafin girke-girke, suka tsinci kayan abinci 50, suka tarar 40 daga ciki an taɓa buga binciken da ya danganta su da sankara, ko dai suna kawo ta ko suna kare ta. Wato in ka bi kanun labarai, babu abin da zai rage maka a tukunya.

Rigimar ta fito fili a watan Oktoba na 2019, lokacin da wani kwamiti na mutum 14 ƙarƙashin Bradley Johnston na Jami'ar Dalhousie ta Kanada ya sake auna hujjojin, ya ce masu rauni ne, don haka manya su ci gaba da cin namansu yadda suka saba. Uku daga cikin 'yan kwamitin ba su yarda ba. Malaman Harbad da ƙungiyoyin likitoci suka yi musu ca. Ba a rufa mako ba jaridar New York Times ta fallasa cewa Johnston bai bayyana ba cewa a 2016 ya yi wani bincike a kan sukari da kuɗin wata cibiya da manyan kamfanonin abinci da na lemo ke ɗaukar nauyinta. Shi kuma ya kare kansa da cewa lokacin ya wuce shekara ukun da ƙa'ida ta ce a bayyana. Kada kuma a ɗauka ɗaya ɓangaren tsarkakakke ne tun fil azal. A 2016 aka tono takardun da suka nuna cewa wata gidauniyar masu sana'ar sukari ta biya wasu malaman Harbad dala 6,500, suka buga nazari a 1967 wanda ya sassauta wa sukari, ya jibga wa kitse laifin ciwon zuciya. Haka nan wani nazari da ya tattara gajerun gwaje-gwaje 21, ya ce bai ga naman ya ɓata awon suga a jini ba, asusun makiyayan shanu na Amurka ne ya biya kuɗinsa. Duk wanda zai fassara labarin bincike, ya kamata ya fara duba ƙasan takardar ya ga wa ya biya.

Kada mai karatu ya ce na wanke nama tas. Ban wanke shi ba. Ba zai yiwu a tsare dubban mutane shekara talatin ana auna musu abinci ba, saboda haka binciken sa-ido shi ne abin da ke hannu, kuma da irinsa aka gano illar taba. Sai dai mashayin taba ya ninka wanda ba ya sha haɗarin sankarar huhu sau 15 zuwa 30, ratar da babu wani ɓoyayyen dalili da zai iya cike ta, nan kuwa ana maganar kashi 10 ne cikin 100. Duk da haka, alamar tana ta maimaituwa a ƙasashe daban-daban, tana ƙaruwa in cin ya ƙaru, kuma akwai hanyoyin da hankali zai karɓa: kitsen dabba, da yawan sinadarin ƙarfe irin na jini da ke taruwa a jiki, da gishiri da sinadaran hana ruɓewa da ake zuba wa naman kanti, da abubuwan da ke samuwa in nama ya sha wuta ya ƙone. Ruwa ba ya tsami banza. Masana na Jami'ar Washintan da suka auna hujjojin a 2022 sun ba alaƙar naman da ba a sarrafa ba da ciwon suga tauraro biyu cikin biyar, ma'ana akwai alama amma mai rauni. A ganina wannan shi ne hukunci mafi adalci.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Cikin rukunoni 31 na binciken Kambirij, 12 daga nahiyoyin Amurka suke, 9 daga Turai, saura daga Asiya da Gabas ta Tsakiya da yankin tekun Fasifik. Babu ko ɗaya daga Afirka ta kudu da Sahara, kuma su kansu masu binciken sun ambaci wannan giɓi. Mu da Iware ke bakin ƙofarmu, mu da tsaunin Mambila ke cike da garake, ana ɗiban shanunmu a tirela zuwa kudu, ba a taɓa bin mu shekara goma ana rubuta abin da muke ci ba.

Wani zai ce ai jiki ɗaya ne, Bature da Bahaushe da Bamumuye. Haka ne. Amma faranti ba ɗaya ba ne. Giram 100 kullum ya kama kilo 36 da rabi a shekara. Alƙaluman hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna abin da ke isa ga ɗan Nijeriya ɗaya na nama kowane iri, har da kaza, bai kai kilo 10 a shekara ba, na Ba'amurke kuwa ya haura kilo 100. Mu masu kiwo ne, ba maciya ba. Bafulatanin da ke bayan garke nono da fura ne abincinsa, ba ya yanka saniyarsa sai da babban dalili. Ɗalibin da ke karanta wannan mujalla a ɗakin kwana ya san sau nawa yake haɗuwa da yanka biyu a kwano ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 68. Sinadarin ƙarfen nan da ake zargi in ya yi yawa, shi ne wanda waɗannan mata da yara suke nema ruwa a jallo. In saƙon muryar nan ya kai ga mai ciki a wani ƙauye na Lau ko Karim Lamiɗo, ta ture 'yar tsokar da take samu sau ɗaya a mako, wa zai ɗauki alhakinta?

'Yan binciken da aka yi a gida sun fi nuna wani wajen. Anas Sabir da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun auna Fulani a jihar Sakkwato. A cikin na birni, a rahotonsu na 2011, kashi 4.6 cikin 100 ke da ciwon suga. A cikin na karkara, a rahoton 2013, kashi 0.8 ne kacal. Kabila ɗaya, jiha ɗaya, bambancin ya ninka fiye da sau biyar. Wannan bai wanke nama ba, domin mai yiwuwa na birnin sun fi cin sa, kuma shi ma binciken sa-ido ne mai irin raunin da na lissafa. Amma ya nuna cewa dukan tsarin rayuwa ne ke sauyawa in mutum ya shigo gari: tafiyar ƙasa ta koma hawan keke-napep, gero da dawa masu dusa suka koma farar shinkafa da burodi da taliya, ruwan rijiya ya koma lemon kwalba. Kwalba ɗaya ta lemon kola tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi tara. Jalingo kuwa tun da ta zama hedikwatar jiha a 1991 irin wannan sauyi take ta yi. Nazarin da Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokansa suka buga a 2018 ya ƙiyasta masu ciwon a Nijeriya da kashi 5.77 cikin 100, a shiyyarmu ta arewa maso gabas kuwa 5.9, alhali binciken ƙasa na 1992 kashi 2.2 ya samu. Ba na jin wani zai ce cin naman talaka ya ninka a tsakanin nan.

To wa ya kamata maganar ta tsaya wa a rai? Akwai su, kuma mun san su. Duk wanda ya bi titin Hammaruwa ko Barde bayan isha'i ya ga motocin da ke tsayawa gaban masu tsire da balangu, kusan fuskoki ɗaya kowane dare. Wanda ke nannaɗe balangu mai kitse kullum, ya kora da lemo, ya je ya kwanta, ga tumbi ya fara rinjayar riga, ga mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun yi fama da ciwon, wannan ya shiga sahun mutanen da aka yi binciken a kansu, kuma ya dace ya rage. Wani nazarin Harbad na 2018 ya ga masu cin naman da aka gasa a kan wuta fiye da sau 15 a wata sun fi masu cin sa ƙasa da sau 4 haɗari da kashi 28 cikin 100. Asusun binciken sankara na duniya ya ba da shawarar kada a wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffen nama a mako, wato kamar ci uku. Wake da gyaɗa da kifin Binuwai suna nan, ba su fi ƙarfin mai sayen balangu kullum ba.

Hujja mafi ƙarfi da ake da ita kuwa ba ta nama ba ce. A gwajin da aka buga a Amurka a 2002, an raba mutum 3,234 da sugansu ya fara hawa, irin Kawu ke nan, ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka sa su rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka bai wa magani. Wannan gwaji ne, ba sa-ido ba. Ban taɓa jin an yi masa saƙon murya ba. Haka nan ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba, alhali awon ɗigon jini ne daga ɗan yatsa.

Akwai aikin da ke jiran mu a nan, kuma ba na likitoci kaɗai ba ne. Ranar da za a tashi yin irin wannan dogon bincike a Taraba, takardar tambayoyin Bature ba za ta yi aiki ba. Shi yana tambayar faranti nawa, mu muna cin tuwo mutum biyar a kwano ɗaya. Shi yana auna giram, mu muna cewa yanka, ko tsinke, ko "na ɗari biyar", wanda girmansa ke raguwa duk wata. Mutumin da ya wata uku bai ga nama ba, ya zo ya yi mako biyu yana cin soyen layya safe da yamma, a wane gurbi za a sa shi? Ganda nama ce? Miyar da aka jefa wa ƙashi don ƙamshi fa? Kilishi, in aka bi ma'anar da hukumar binciken sankara ta duniya ta bayar a 2015, ya shiga cikin naman da aka sarrafa, tun da an busar da shi an sa gishiri, amma wanda aka yi ta hanyar gargajiya da tunkuza da yaji ba a zuba masa sinadaran da ake zuba wa sosej. Shin hukuncinsu ɗaya? Ga kuma kunya. Magidanci ba zai so ya gaya wa baƙo mai biro da takarda cewa gidansa an yi wata ba a ɗora nama ba, Bafulatani kuwa maganar ci ma gaba ɗaya nauyi take yi masa. Wanda zai tsara tambayar da za ta fito da gaskiya da Hausa da Fulatanci da Mumuyanci da Jukunanci, sai wanda ya san harshe da al'ada. Da ɗan gari akan ci gari.

Kafin wannan rana, ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu burin aikin jarida da fassara, mu riƙe "yana da alaƙa da" a inda aka ce alaƙa, ko da editan ya ce ba ta da daɗin ji. In an ba mu kashi cikin ɗari, mu tambaya kashin mene ne, mu mayar da shi mutum nawa cikin dubu. Mu faɗi ƙasar da aka yi binciken da irin mutanen da aka yi shi a kansu. Sa'an nan mu nemo wa "red meat" suna na gaskiya, mu bar wa mahauta jan namansu.

Kawu dai na koma na warware masa, kuma da ya je ganin likitansa ya ji irin wannan bayani. Yanzu ya koma 'yar tsokarsa jefi-jefi, ya bar kitse, yana taka ƙafa da asuba. Lemon ne har yau ake jan daga da shi.

Sunan kuwa har yanzu ban samu ba. "Naman dabbobi masu shayarwa" daidai ne, amma ya yi tsawo a bakin mai karanta labarai. Na gwada "naman mai ƙafa huɗu" a wajen mahaucin da muke saye, na ga kamar ya zauna. Ya ɗan yi shiru yana wasa wuƙa, sa'an nan ya ɗago ya ce, "To, malam, damo fa?"